Zage-Zagen Kamfe: Su Za Su Shirya, Mu Za A Bari Da Gaba

Jama'a, duk wanda ya daɗe a kasuwa ya san wani irin ɗan tireda da ba ya iya tallar hajarsa sai ya kushe ta maƙwabcinsa. Ka tambaye shi nawa ne buhun gishirinsa, sai ya ce maka na wancan jiƙaƙƙe ne. Ka ce ya buɗe nasa ka gani, sai ya shiga ba ka labarin asalin uban wancan. Mu 'yan kasuwar Banyo mun san maganin irin wannan mutum, wato mu ɗaure jakarmu mu yi gaba. To me ya sa idan ɗan siyasa ya zo mana da irin wannan talla muke tsayawa mu saurara, har mu taya shi yayatawa a kyauta?

Abin da ya sa muke wannan tambaya shi ne abin da kunnuwanmu suka ji a zaɓen shugaban ƙasa na ranar 12 ga Oktoba, 2025. Dokar zaɓe ta 2012 ta ba 'yan takara kwana 15 su yi kamfe, kuma mutum 12 ne sunayensu suka fito. A cikin wannan ɗan lokaci, abin da ya fi isowa rumfunanmu ta lasifika da saƙonnin murya na WhatsApp da hotunan Facebook shi ne: wane maci amana ne, wane an saye shi, wane ba ɗan gari ba ne, ƙabilar wane ba a ba ta riƙo. Galibi ma ba daga bakin 'yan takarar maganar ke fitowa ba, 'yan kore ne da 'yan amshin shata, waɗanda ba a san fuskarsu ba balle a kama su da ƙarya.

Ba yau aka fara ba. A zaɓen 2018 da bayansa, an yi ta jifan juna a intanet da sunaye biyu na Faransanci, ɗaya yana nufin 'yan adashi, ɗaya kuma maciya kifin gwangwani, har kalmomin suka tashi daga kan jam'iyya suka koma kan ƙabila. Abin ya kai ga a watan Disamba na 2019 aka yi wa kundin hukunta laifuka gyara, aka ce duk wanda ya ci zarafin wata ƙabila zai iya shan ɗaurin shekara 1 zuwa 2 da tarar sefa 300,000 zuwa miliyan 3. Dokar tana nan a takarda, amma harshe bai daina ba.

Yanzu mu dubi su waɗanda ake zage-zagen dominsu. Isa Ciroma Bakari, ɗan Garwa, ya sha ɗauri bayan yunƙurin juyin mulki na Afrilun 1984. A 1992 ya zama ministan sufuri a gwamnatin Paul Biya, daga 2009 zuwa 2019 kuma shi ne ministan sadarwa, mai kare gwamnati a gaban 'yan jarida, sannan a Yunin 2025 ya ajiye muƙaminsa ya tsaya takara da ita. Bello Buba Maigari ya taɓa zama firaminista a 1982, ya yi zaman gudun hijira a Nijeriya, ya dawo ya jagoranci UNDP ta ci kujeru 68 a majalisa a 1992, ya shiga gwamnati a 1997, shi ma a 2025 ya fito ya yi takara. Ciroman kansa a UNDP ya fara kafin su raba gari. Ba muna faɗin haka don mu ci mutuncin kowa ba ne, kowa na da 'yancin sauya sheƙa. Abin lura kawai shi ne, a wurin 'yan siyasa babu gabar da ba ta ƙarewa, abokin adawar bana shi ne abokin cin tuwon baɗi.

Mu fa? Mu jarinmu na gaskiya amana ce. Tun zamanin da fatake ke ɗauko goro daga Banso su yada zango a Banyo kafin su nufi Yola, da baki ake ciniki a nan. Bafulatani ya ba dillali shanunsa ya tafi, Bahaushe ya karɓi atamfa bashi a hannun Bamileke sai ya sayar ya biya, ɗan Mambila ya sauko da kaya daga Gembu ya sauka a gidan wanda ba yarensu ɗaya ba. Babu takardar banki a tsakani. Ranar da aka cusa maka cewa ƙabilar wane mayaudara ce, ranar aka fara cin wannan jari. Mun ga abokan ciniki na shekara da shekaru sun daina ba juna bashi saboda saƙon murya na minti biyu da wani ya tura, wanda bai ma taɓa taka kasuwarmu ba. Magana zarar bunu ce, idan ta fita ba ta komawa.

Dattawanmu a nan Adamawa ba su manta da abin da ya faru a Maiganga ba a farkon zamanin jam'iyyu da yawa, lokacin da rikici ya ɓarke tsakanin Gbaya da Fulani aka yi asarar rayuka da dukiya. Haka kuma bayan da aka bayyana sakamako ranar 27 ga Oktoba, 2025, aka ba Biya kashi 53.66 cikin ɗari, Ciroma kuma kashi 35.19, shi kuma ya ce shi ya ci, an yi zanga-zanga a Garwa da Duwala da wasu garuruwa, an rasa rayuka, an rufe shaguna. Taƙaddama a kan ƙuri'a ce ta kunna wutar, amma zukatan da aka yi makonni ana zugawa su ne busasshen itacen. Kuma ko yaushe wuta ta tashi a gari, kasuwa take fara nufa.

Wani zai ce, to ashe kar a soki shugabanni? A'a, a soke su mana. Sai dai akwai bambanci tsakanin suka da zagi. Suka ita ce a ce: ka yi shekara kaza a kan kujera, nuna mana abin da ka yi. Zagi shi ne a ce: uwarka daga ina ta zo? Na farko mudu ne da ake auna aiki, na biyu kuwa ƙura ce ake tayarwa don kar a ga an tauye mudun.

Tambayoyin da muke da su ba ɓoyayyu ba ne. Hanyar da ta taso daga Fumban ta bi Bankim da Mayo Darle ta zo Banyo ta wuce Tibati, wa ke da shirin da zai hana manyan motoci kwana a laka da damina, kuma da wane kuɗi? Shingaye nawa ya kamata mai kaya ya tsaya a kai, kuma me ya sa wani kuɗin ake karɓa babu rasit? Litar fetur da take sefa 630 ta koma 730 a Fabrairun 2023, ta koma 840 a Fabrairun 2024, ga Nijeriya ta cire tallafin mai a Mayun 2023, zuwa-zuwan da muke dogaro da shi ya yi tsada, kuɗin mota ya hau kan kowane buhu. Idan Nijeriya ta sake rufe iyaka kamar yadda ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, wa zai yi magana da yawunmu? Ɗan takarar da ya cika bakinsa da aibin abokin hamayyarsa, lokacin amsa waɗannan ne yake cinyewa da gangan.

Don haka muna kira ga 'yan'uwa, kafin a kira zaɓen 'yan majalisa da na magadan gari, waɗanda rabon da a yi su tun Fabrairun 2020 kuma su ne suka fi kusa da rumfa da haraji, mu ɗauki matakai uku. Na farko, duk saƙon ɓatanci da ya shigo wayarka, ya mutu a hannunka. Na biyu, shugabannin kasuwa da na dillalai su gindaya sharaɗi: ɗan takarar da ke son ya yi mana jawabi ya zo da shirinsa a rubuce, da kwanan wata da adadin kuɗi, in ya fara zagi a kashe masa lasifika. Na uku, kar mu bar yaran shagonmu su zama 'yan kore saboda riga da kuɗin shayi, domin ranar da aka zo kame, mai rigar ba ya nan.

Kowa ya zaɓi wanda ransa ya kwanta da shi, wannan haƙƙinsa ne. Amma washegarin zaɓe 'yan takara za su koma Yawunde da Garwa, mu kuwa da maƙwabcin nan za mu buɗe rumfa, shi za mu nema idan canji ya ƙare mana. Allah ya ba mu zaman lafiya da kasuwa mai albarka, amin.