Bindigar Baffa da ba ta shiga rabon gado ba

Washegarin sadakar bakwai ɗin Baffa aka fito da kayansa zauren gidanmu na Unguwar Shanu ana lissafi: manyan riguna, keke, rediyo, buzun salla. Daga ƙarƙashin gado aka jawo wani dogon ƙunshi cikin tsohon bargo. Bindigarsa ce ta farauta mai baki biyu, ƙotarta ta yi sulɓi don shan hannu, tana ƙanshin man keken ɗinki da yake shafa mata. An ɗaure lasisinta a jiki da zare, cikin leda, takardar ta yi ja, hatimi kan hatimi.

Ɗansa na fari, wanda muke kira Yaya, ya miƙa hannu ya ce wannan kam tasa ce. Sai wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon ɗan sanda, ya ce, "Ɗana, janye hannunka. Riga ake gada, ba a gadon lasisi."

Ranar na fara jin akwai dokar bindigogi ta 1959, wadda ta girmi 'yancin ƙasar nan da shekara ɗaya, kuma har yau ita ce ginshiƙi. Ta kasa bindigogi uku. Na yaƙi da ƙananan da ake sokewa a ƙugu, sai da izinin shugaban ƙasa. Irin ta Baffa, sufeto janar na 'yan sanda ke ba da lasisinta. Adakar maharba da ake ɗura wa albarushi ta baki, wannan tana hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani. In mai lasisi ya rasu, kwana 14 kacal magada ke da shi su riƙe ta. Mu kuwa mun riga mun cinye takwas.

Na tuna yadda Baffa ke fita da ita farauta ta hanyar Birnin Gwari. Sai ya karya ta biyu ya naɗe, harsasai daban a aljihun gaba. In an zo shinge bayan Mando, ba ya jira a tambaye shi. "Ranka ya daɗe, akwai bindiga a motar nan, ga takardarta." Muna yara, gani muke tsoro ne.

Yau wa zai bi wannan hanya neman zabi? A Afaka, nan bayan Mando, aka kwashe ɗalibai 39 daga kwalejin gandun daji a watan Maris na 2021. A watan Agusta aka kutsa har cikin makarantar horar da hafsoshin soja. Ranar 28 ga Maris 2022 aka tare jirgin ƙasan Abuja kafin ya iso Rigasa. Shi ya sa a majalisun Kawo da Tudun Wada za ka ji ana cewa, "A bar kowa ya riƙe tasa mana." Gwamna Bello Matawalle ya faɗa wa mutanen Zamfara haka a watan Yuni na 2022, babban hafsan tsaro Janar Lucky Irabor ya amsa cewa gwamna ba shi da wannan iko.

Wallahi ba na ganin laifin mai wannan magana. Ɗan bindigar daji bai taɓa bin layin lasisi ba, kuma da ciwo a ce doka ta fi kama mai kawo kansa. Amma ni ɗan Kaduna ne, na ga rikicin watan Fabrairu na 2000, na ga abin da adda da gora da galan ɗin fetur suka yi wa garin nan har kogi ya zame mana iyaka.

Mun kai bindigar ofishin 'yan sanda kafin wa'adi ya cika. Aka rubuta lambarta a babban littafi, aka ba mu 'yar takarda. Yaya ya yi wata guda ba ya gaida dattijon nan.

Bayan 'yan shekaru rikicin nan na Fabrairu ya ɓarke, aka ƙone shagon Yaya ƙurmus. Da dare ya shigo gida idonsa jawur, yana kiran sunan wanda yake zargi, mutumin da daga baya ta tabbata ba ya ma gari ranar. Ya wuce ɗakin Baffa kai tsaye, ya durƙusa yana lalube ƙarƙashin gado. Bargon kawai ya tarar. Ya zauna a ƙasa rungume da shi yana kuka har aka kira assalatu.