Kinshasa: Kiɗa Ya Sami Lambar Girma, Makaɗa Na Neman Na Cefane

Ran 14 ga watan Disamba na shekarar 1921 babu wanda ya san da wani kiɗa mai suna rumba a bakin kogin Kwango. Shekara ɗari cif bayan haka, watau ran 14 ga Disamba, 2021, Hukumar Ilmi da Kimiyya da Al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta sanya rumbar Kwango cikin jerin al'adun da suka zama gadon 'yan Adam baki ɗaya. Ƙasashe biyu ne suka haɗu suka nemi wannan matsayi, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango da maƙwabciyarta Kwango Barazabil, waɗanda ruwan kogi kaɗai ya raba manyan biranensu. Tun kafin wannan ma, a 2015, hukumar ta riga ta lasafta Kinshasa cikin biranen kiɗa na duniya.

An yi murna, an yi jawabai. Amma ba a cika shekara guda ba sai ga mutum 11 sun rasu a turmutsitsi wajen kallon wani mawaƙi a babban filin wasa na birnin. Tsakanin wancan yabo da wannan makoki akwai tambayar da ta kamata hukumomi da masu nazari su tsaya a kanta: wa ke ɗauke da nauyin kiɗan Kinshasa, kuma me yake karɓa a madadin kuɗinsa?

Kiɗa Cikin Harkar Yau Da Kullum

Kinshasa birni ne mai gundumomi 24, wanda ake ƙiyasin mutanensa sun haura miliyan 15. Ƙiyasi ne kawai, domin rabon ƙasar da ƙidayar jama'a tun 1984. Galibin mazaunansa ba su da aikin albashi. Da ƙananan sana'o'i da talla da acaɓa suke rufa wa kansu asiri. Wutar lantarki takan ɗauke, ruwan sama yakan cinye hanyoyi, ma'aikaci kuwa yakan shafe sa'o'i cikin cunkoson motoci kafin ya kai ofis daga unguwannin Masina ko Ndjili.

Duk da haka, da wuya a sami lungun da ba a jin amo. Motocin haya suna tafe da kiɗa, mai aski da mai sayar da gawayi kowa da rediyonsa. Da yamma sai a jera kujeru a bakin titi a mashayun da suke kira nganda, musamman a unguwannin Matonge da Bandalungwa, inda magidanta kan zauna su yi gardama a kan wace ƙungiyar makaɗa ta fi wata, kamar yadda ake gardamar ƙwallon ƙafa a wasu garuruwa. Zaman makoki, wanda suke kira matanga, shi ma ba ya yiwuwa sai da waƙa har tsakar dare. Ran Lahadi kuwa majami'u ne ke karɓar ragamar, da jita da ganguna da 'yan amshi.

Harshen Lingala shi ne harshen wannan kiɗa, kuma ta hanyar waƙa ne ya bazu har ya kai ƙasashen da ba a taɓa jin sa a kasuwa ba. Cikin waƙoƙin ake tattauna zaman aure, da kishi, da bashi, da ƙaryar arziki, da halin matar da mijinta ya tafi Turai ya bar ta. A wurin mutumin Kinshasa mawaƙi yana yin aikin da jarida da mai wa'azi da dattijon unguwa suke yi a wani wuri.

Rashin kayan aiki bai hana ba. Ƙungiyar Konono No. 1 ta yi suna ne da ƙananan kayan kiɗa na gargajiya waɗanda aka ƙara wa amo da tarkacen tsofaffin motoci. Staff Benda Bilili ƙungiya ce ta guragu waɗanda shan-inna ta nakasa, suna atisaye a kusa da gidan namun daji, har faifansu ya fito a 2009 suka zagaya Turai. A 1994 wani tsohon matuƙin jirgin sama, Armand Diangienda, ya kafa ƙungiyar kiɗan Turawa irin na goge da sarewa a ƙarƙashin majami'ar Kimbangu, wadda yawancin 'ya'yanta masu wasu sana'o'i ne da rana.

Asalin Al'amarin

Tarihin ya faro ne a zamanin mulkin Beljiyam, sa'ad da ake kiran birnin Leopoldville. Daga shekarun 1930 fayafayan garmaho na kiɗan ƙasar Kyuba suka riƙa shigowa ta tashoshin jiragen ruwa. Ma'aikatan da suka taru daga ƙabilu dabam-dabam suka ji wani abu da ya yi kama da nasu, ba kuwa abin mamaki ba ne, tun da yake da yawa daga cikin bayin da aka kwasa zuwa Kyuba daga wannan yanki aka ɗebe su. Sai suka ɗauki salon suka mai da shi kan jita, suka sa masa harshensu.

'Yan kasuwa baƙi, yawancinsu Girkawa, su ne suka fara ganin riba a ciki. Suka buɗe kamfanonin ɗaukar murya irin su Ngoma a 1948, sa'an nan Opika da Loningisa suka biyo baya. A 1953 Joseph Kabasele ya kafa ƙungiyar African Jazz, a 1956 kuma aka kafa OK Jazz, wadda Franco Luambo ya zo ya shugabanta. Lokacin da shugabannin Kwango suka tafi Brussels a farkon 1960 don shawarwarin mulkin kai, Kabasele da makaɗansa suna can, kuma waƙar da suka yi, Indépendance Cha Cha, ta zama taken murnar 'yanci a ƙasashen Afirka da dama. Tun daga ranar kiɗa da siyasa suka ƙulla zumuncin da har yanzu bai warware ba.

Zamanin Mobutu

Mobutu Sese Seko, wanda ya ƙwace mulki a Nuwamba 1965, ya gane amfanin makaɗa fiye da kowa. Ya sauya sunan birnin zuwa Kinshasa a 1966, ya sauya na ƙasar zuwa Zayar a 1971, ya kuma ɗora manufarsa ta komawa ga al'adun gargajiya a kan waƙa da rawa. A 1974 aka yi babban bikin kiɗa a birnin gabanin damben Muhammad Ali da George Foreman, inda James Brown da Miriam Makeba suka hau dandali ɗaya da makaɗan gida. A 1977 Franco da Tabu Ley Rochereau suka zo Ikko wajen bikin FESTAC, a lokacin da kiɗan Kwango ya riga ya cika gidajen rawa na Nijeriya da Kenya da Kwaddibuwa.

Rayuwar Franco ta isa misali game da yadda wannan zumunci yake. A 1978 an tsare shi a kurkuku bisa zargin waƙoƙin batsa. A 1984 shi ne ya yi wa Mobutu doguwar waƙar neman zaɓe. A 1987 ya yi waƙar gargaɗi a kan cutar ƙanjamau a lokacin da mutane da yawa ba sa son a ambace ta. Da ya rasu a Beljiyam ran 12 ga Oktoba, 1989, gwamnati ta ba da kwana huɗu na makoki. Hannun da ya ɗaure shi, shi ne ya ciyar da shi, shi ne kuma ya yi masa jana'izar girma.

Iyayen Gida Uku

Tattalin arzikin Zayar ya fara durƙushewa tun daga tsakiyar shekarun 1970, bayan ƙwace kamfanonin baƙi da aka yi a 1973 da faɗuwar farashin tagulla. Masana'antar faifai ta mutu a hankali, masu satar kaset suka cinye abin da ya saura, wawashe-wawashen da sojoji suka yi a 1991 da 1993 suka ƙarasa kasuwancin birnin. Manyan makaɗa suka koma ɗaukar waƙa a Paris da Brussels da Abidjan. Wanda ya zauna a gida kuwa dole ya nemi ubangida, kuma iri uku ya samu.

Na farko shi ne mai kuɗin da ke son a ambaci sunansa. Wannan al'ada suna kiran ta mabanga, watau jifa da duwatsu: ɗan kasuwa ko jami'in soja ko ɗan ci-rani da ke Turai ya biya, mawaƙi ya jefa sunansa cikin waƙa. Tun 1982 ƙungiyoyi suka fara ɗaukar wani mai zuga da ake kira atalaku, wanda aikinsa ya yi daidai da na sanƙira a wajen makaɗan Hausa. Mai karatu da ya san roƙo ba zai ga baƙon abu a nan ba. Bambancin shi ne, a Kinshasa abin ya kai ga waƙar soyayya guda takan ɗauki sunaye da dama har maganar da aka faro ta ɓace.

Na biyu shi ne kamfanonin giya. Bralima mai yin Primus da Bracongo mai yin Skol sun daɗe suna ɗaukar manyan mawaƙa da kwangila, suna shirya wasanni a unguwanni, mawaƙin kuwa ya yi tallar kwalba. Gasar kamfanonin ta ƙara rura wutar hamayyar da ke tsakanin ƙungiyoyi, irin wadda ta biyo bayan rabuwar Wenge Musica a 1997, sa'ad da matasan birnin suka kasu tsakanin magoya bayan J.B. Mpiana da na Werrason.

Na uku shi ne ɗan siyasa. Duk lokacin zaɓe akan ga fitattun mawaƙa sun fito da waƙoƙin yabon 'yan takara. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda kuma ya ƙi askin yana iya haɗuwa da hukumar tace waƙoƙi ta ƙasa, kamar yadda ya faru a Nuwamba 2021, wata guda kafin lambar UNESCO, lokacin da ta haramta waƙar wasu matasa da ake kira MPR wadda ta koka a kan talauci da alkawuran shugabanni. Sai da jama'a suka yi ca kafin a janye haramcin.

Abin Da Ya Biyo Baya

Yabon masu mulki ya jawo wa makaɗa hasara a inda ba su zata ba. 'Yan Kwango mazauna Turai masu adawa da gwamnatin Joseph Kabila suka shafe shekaru suna hana mawaƙan Kinshasa yin wasa a Paris da Brussels da Landan, suna zarginsu da zama bakin gwamnati. Ko a Fabrairu 2020, da Fally Ipupa ya je wasa a Paris, sai da aka cinna wa babura da motoci wuta a kusa da tashar jirgin ƙasa ta Gare de Lyon. Dandalin Turai kuwa shi ne inda ake samun kuɗi masu kauri.

Da faifai ya daina kawo riba, sai cika filin wasa ya zama ma'aunin girman mawaƙi. Filin Shahidai, watau Stade des Martyrs, an gina shi ne don mutum 80,000. Ran 29 ga Oktoba, 2022, jama'ar da ta shiga kallon Fally Ipupa ta wuce wannan adadi, mutum 11 suka mutu, biyu daga cikinsu 'yan sanda. A Yuli 2024 aka sake yin irin wannan a wasan mawaƙin majami'a Mike Kalambayi, aƙalla mutum 9 suka rasu, hukumomi suka dakatar da tarukan da ba na wasanni ba a filin. Sau biyu cikin shekara biyu a wuri guda ya nuna cewa akwai gyara a wajen sayar da tikiti da tsaron ƙofofi da hanyoyin fita.

Haƙƙin mallaka shi ne ɗaya raunin. An kafa ƙungiyar SONECA a 1969 don tara wa mawaƙa kuɗin amfani da waƙoƙinsu, SOCODA ta gaje ta a 2011, amma rikicin shugabanci da ƙorafin rashin biya ba su rabu da ita ba. Mashaya da gidajen rediyo da motocin haya suna cin moriyar waƙa dare da rana, alhali kuwa mai jitar da ya tsara ta yakan tsufa ba shi da kuɗin magani. Manhajojin sauraron waƙa ta intanet sun buɗe sabuwar ƙofa, sai dai masu amfana da ita 'yan ƙalilan ne da ke da kamfanoni a ƙetare.

Abin Da Ya Rage Ga Hukuma

Gwamnati ba ta zauna haka kawai ba. A ƙarshen 2024 an buɗe wata babbar cibiyar al'adu da ƙasar Sin ta gina a Kinshasa, wadda ta ba Makarantar Fasaha ta Ƙasa mazauni. Wannan ci gaba ne, ko da yake gini shi ne ɓangare mafi sauƙi na aikin.

Abubuwa uku ne suka fi gaggawa. Lalle ne a sami hukumar haƙƙin mallaka wadda ake binciken littattafan kuɗinta a kuma bayyana wa mawaƙa abin da aka tara. Lalle ne a kafa doka mai ƙarfi a kan yawan mutanen da za a bari su shiga filin wasa, a kuma hukunta mai shirya taro ko jami'in da ya karya ta. Sa'an nan a taƙaita ikon hukumar tace waƙoƙi yadda ba za ta zama sandar dukan masu sukar gwamnati ba, domin mawaƙin da aka hana faɗin damuwar talaka ba abin da ya rage masa sai yabon mai kuɗi.

Sharuɗɗan UNESCO sun ɗora wa ƙasar da aka karrama alhakin kare al'adar da masu riƙe da ita, da kuma kai rahoto a kan matakan da ta ɗauka. Idan lokacin wannan rahoto ya zo, abin da za a duba shi ne ko ɗan amshi a Matonge yana iya ciyar da iyalinsa da sana'arsa, da kuma ko iyaye suna iya barin 'ya'yansu su tafi kallon wasa su kwanta da tabbacin za su dawo gida.