Darasin Takardun Osu Ga Mutanen Haɗeja

A bakin teku, cikin birnin Akkara na ƙasar Gana, akwai wata unguwa mai suna Osu. Nan ne Turawan ƙasar Danmak suka gina sansanin cinikinsu a 1661, suka raɗa masa suna Christiansborg. Sun shafe kusan shekara 190 suna sayen zinariya da hauren giwa da bayi a wannan gaɓa, kafin su sayar wa Ingila dukkan sansanoninsu a 1850 kan fam 10,000. Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan mutumin Haɗeja da wannan labari? Amsar ita ce, abin da ya sami tarihin iyalan Osu izina ne ga duk al'ummar da ta bar wa baƙo aikin rubuta sunayen kakanninta.

Turawan Danmak mutane ne masu yawan rubutu. Gwamnan sansani yana aika rahoto gida, akawu yana rubuta albashin soja da bashin 'yan kasuwa, limamin coci kuma yana rubuta haihuwa da mutuwa. Da yawa daga cikinsu sun auri matan ƙabilar Ga, aka kuma buɗe wa 'ya'yansu makaranta a cikin sansanin. Shi ya sa har yanzu ake jin sunayen iyali irin su Richter da Wulff da Reindorf a Osu. Mafi yawan waɗannan takardu suna ajiye a gidan adana kayan tarihi na ƙasar Danmak da ke Kofanhegan, kuma a 1997 hukumar UNESCO ta sanya takardun kamfanonin cinikin Danmak na ƙetare cikin jerin kayan tarihin da duniya ba za ta so rasawa ba.

To, sai dai kowa ya ba ka riga, ka duba ta wuyansa. Baturen bai yi rubutun nan don jikokin mutanen Osu su san asalinsu ba, ya yi shi ne don lissafin riba da asara. Saboda haka wanda kakansa soja ne ko tafinta ko ɗan Bature yana iya bin sawun gidansu shekaru aru-aru. Amma mutane kimanin 100,000 da jiragen Danmak suka kwashe zuwa ƙetaren teku, mafi yawansu adadi kawai aka rubuta: maza kaza, mata kaza, yara kaza. Ba suna, ba gari, ba sunan uba. Daɗin daɗawa, takardun cikin harshen Danmak suke, da wani tsohon salon rubutun hannu wanda ko 'yan ƙasar sai sun koya suke iya karantawa. A 2017 aka sanya hotunan shafuka kimanin miliyan 5 na takardun tsibiran da Danmak ta mallaka a yankin Karebiyan a intanet, wanda babban ci gaba ne. Amma na'ura ba ta iya dawo da sunan da tun farko ba a rubuta ba.

Wani ɗan Osu ya gane wannan giɓi tun da wuri. Shi ne Carl Christian Reindorf, wanda ya rayu daga 1834 zuwa 1917. Ya yi shekaru yana bin tsofaffi maza da mata fiye da 200 yana jin ta bakinsu, yana gwada maganar wannan da ta wancan, sa'an nan ya haɗa da abin da Turawa suka rubuta. A 1895 aka buga littafinsa na tarihin Gwalkwas da Asante. Hanyar da ya bi, wato sauraro da rubutawa da tantancewa, ita ce hanyar kimiyya, kuma ba ta fi ƙarfin ɗalibin sakandare ba.

Tsakanin Akkara da ƙasar Hausa ba nisa a tarihi. Fataken goro sun daɗe suna zuwa Gwanja, kuma bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 Hausawa da yawa suka watsu zuwa Kumasi da Akkara, suka cika zango-zango. Haka wasu suka nufi gabas bayan zuwan Turawa, suka zaune a Sudan. Gidaje nawa ne a ƙasar Haɗeja da ke da labarin wani kaka da ya tafi fatauci ko aikin hajji a ƙasa bai dawo ba? Nawa ne daga cikinsu suka rubuta ko da sunansa?

Haƙiƙa tarihin sarauta a Haɗeja bai ɓata ba. Kowane yaro ya ji labarin Sarki Buhari, da na Sarki Muhammadu Mai Shahada wanda ya rasu a yaƙin da aka yi da Turawan Ingila a watan Afrilun 1906. Maroƙa da makaɗa sun riƙe jerin sarakuna. Amma ina sunayen masunta da manoman fadama da maƙera da majema waɗanda suka riƙe garin? Rahotannin da jami'an mulkin mallaka suka rubuta a kan gundumomin Lardin Kano, waɗanda ke ajiye a gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke Kaduna, suna da amfani ƙwarai, amma halinsu ɗaya da takardun Osu: hankalinsu yana kan haraji da jangali da sunayen hakimai da dagatai. Talaka adadi ne a cikinsu.

Abin da ya rage shi ne abin da ke cikin gidaje: ƙwaƙwalwar tsofaffi, da 'yan takardun ajami da ke cikin gafakar malamai, da takardun rabon gado da na cinikin gona. Dukkansu kuwa suna cikin haɗari. Ƙasar Haɗeja kwari ce, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa da dama, kuma ambaliyar 2020 da ta 2022 sun rusa gidajen ƙasa masu yawa a wannan yanki. Tawadar gargajiya da ake haɗawa da ƙaro tana narkewa a ruwa, kamar yadda kowane almajiri mai wanke allo ya sani. Abin da ruwa ya bari, laima da gara su ƙarasa. Ga kuma al'adar suna: ɗalibi yakan ɗauki sunan garinsu a makaranta maimakon na kakansa, alkunya kuma takan sa a rufe sunan yanka na kaka da laƙabi har ya ɓace.

Amfanin rubuta asali bai tsaya ga sha'awa ba. Kowane mutum yana da iyaye 2, kakanni 4, iyayen kakanni 8, kuma daga dukkansu yake gadon halittarsa. Idan miji da mata duk suna ɗauke da ƙwayar sikila, wato AS, to kowane cikin da aka samu yana da yiwuwar kashi 1 cikin 4 na zuwa da cutar. Likitan da ya san cututtukan da suka yi ta aukuwa a gida ya fi iya ba da shawara. Haka alƙalin da ke rabon gadon fadama ya fi samun sauƙi idan an san wa ya haifi wa.

Wasu za su ce tone-tonen asali yana jawo alfahari da gori, musamman inda aka taɓa bauta. Wannan tsoro yana da tushe, bai kamata a raina shi ba. Sai dai gori ba daga takarda yake fitowa ba, daga zuciya yake, kuma jita-jita ta fi rubutacciyar gaskiya cutarwa. Kundin gida mallakar gida ne, su ke da ikon abin da za su nuna da abin da za su rufe. Sanin dangi kuwa shi ne matakin farko na sada zumunci.

Saboda haka ya kamata malaman tarihi da na kimiyya a makarantun Haɗeja da Auyo da Kafin Hausa da Malam Madori su mayar da wannan aikin hutu. Kowane ɗalibi ya sami littafi mai kauri, ya zauna da kakarsa da kakansa dabam-dabam, ya rubuta sunayen yanka da laƙabi, da gari, da sana'a, ta wajen uba da ta wajen uwa. Inda ba a san shekara ba, a ɗaura da wani abu sananne, kamar zamanin wani sarki ko shekarar wata yunwa. A rubuta wanda ya ba da labarin da ranar da ya bayar, inda aka sami saɓani kuma a rubuta duka biyun. Sa'an nan a ɗauki hoton kowane shafi da waya, a ajiye kwafi a hannun wani ɗan'uwa a wani gari. A kuma yi wa kowane jariri rajistar haihuwa a ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa.

Jikokin mutanen Osu sai sun nemi harshen wasu kafin su karanta labarin gidansu. Ɗan Haɗeja kuwa shaidunsa suna zaune a tsakar gida, suna magana da harshensa. Tun ran gini, ran zane. Allah Ya ba da ikon farawa tun tsofaffin suna raye.