Lamba Ba Ta Magana Sai Da Rajista

'Yan uwana ɗalibai, ku dubi libarbar Colt ta Amurka, samfurin da aka fara ƙerawa a 1873. Lambar jikinta ce takardar haihuwarta. Da ita kamfanin ke buɗe rajistarsa ya faɗi ranar da aka fitar da ita da dillalin da ya karɓa. Amma na kafin gobarar masana'antar a 1864, yawancin bayanansu sun ƙone, sai dai kirdado.

To, mu fa? Muna ƙera injin niƙa a wokshop, ba lamba, ba rajista. Bayan shekara biyu wani ya ce nasa ne, wa zai musa? Ni dai a ganina, kowane furojet a buga masa lamba, a shigar a rajistar sashe.