Haramcin sigarin lantarki a Birtaniya: Ina matsayin tankin ɗaurin hannu?

Tun ranar 1 ga watan Yunin 2025 ya zama laifi a Birtaniya a sayar da sigarin lantarki irin wanda ake zuƙa, idan ya ƙare a jefar da shi.

Gwamnatin Rishi Sunak ce ta fara shelar wannan aniya a watan Janairun 2024, kana gwamnatin jam'iyyar Leba ta aiwatar da ita bayan ta karɓi mulki.

Dalilai biyu hukumomi suka bayar: yara da kuma shara. Wani bincike da ƙungiyar Material Focus ta wallafa a shekarar 2023 ya ƙiyasta cewa ana zubar da irin wannan sigari kimanin miliyan 5 a kowane mako a ƙasar, kowanne da batirin lithium a cikinsa, wanda kan iya kamawa da wuta idan motar kwashe shara ta matse shi.

Beljiyam ta riga Birtaniya ɗaukar wannan mataki a watan Janairun 2025, Faransa kuma ta bi sahu a watan Fabrairu.

Abin da dokar ta buƙata shi ne duk wani sigarin lantarki da za a sayar ya kasance ana iya cajinsa, ana iya sake zuba masa ruwa, ana kuma iya sauya murɗaɗɗiyar wayar da ke dafa ruwan, wadda masu harkar ke kira kwayil.

Babu na'urar da ta cika waɗannan sharuɗɗa kamar wata tsohuwar ƙira da kasuwa ta daɗe da turawa gefe, wato tankin da mai shi ke ɗaura wa waya da auduga da hannunsa.

Zuƙar baki da zuƙar huhu

Sigarin lantarki na zamani ya samo asali ne daga wani masanin haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin mai suna Hon Lik, wanda ya yi rajistar ƙirarsa a shekarar 2003. Har yanzu mafi yawan waɗannan na'urori a birnin Shenzhen na kudancin Sin ake ƙera su.

Babu ƙona ganyen taba a ciki. Batir ne ke zafafa waya, wayar kuma ta mayar da ruwa mai ɗauke da sinadarin nikotin ya zama tururi.

Hanyar zuƙarsa ta kasu gida biyu. Akwai wadda ake jan tururi mai yawa kai tsaye zuwa huhu, kamar yadda masu shan shisha ke yi. Akwai kuma wadda ake fara tara tururin a baki kafin a shaƙe shi, daidai da yadda ake shan karan sigari.

Ta biyun ita ce ta fi dacewa da mutumin da ke neman rabuwa da taba, domin ita bakinsa ya saba da ita. Ita ce kuma irin zuƙar da mafi yawan sigarin da aka haramta ke bayarwa.

Tankin ɗaurin hannu na wannan rukuni ya yi tashe ne a farkon shekarun 2010, musamman bayan fitowar samfurin Kayfun na kamfanin SvoeMesto, wanda masana'antu da dama suka kwaikwaya. Daga baya wasu samfurori masu rahusa, irin su Berserker na Vandy Vape da Ares na Innokin, suka shigo kasuwa.

Yadda ake ɗaura shi

Duk wanda ya taɓa gyara fitilar kananzir zai gane aikin wannan tanki nan take, domin lagwani ne ginshiƙinsa.

A gindin tankin akwai wani ɗan dandamali mai ƙusoshi biyu. Mai shi zai yanko siririyar waya, galibi ta Kanthal, wadda haɗin ƙarfe ne da kuromiyam da alminiyam, ya naɗe ta sau shida ko bakwai a jikin sanda mai kaurin milimita 2 zuwa 2.5, sannan ya ɗaure bakinta biyu da ƙusoshin, ta zauna daidai saman ramin iska.

Irin wannan naɗi kan ba da turjiyar lantarki ta kusan om 1 ko sama da haka kaɗan, kuma wutar da yake buƙata ba ta cika wuce wat 10 zuwa 15 ba. Manyan tankunan zuƙar huhu kuwa kan ci wat 50, wasu ma fiye.

Daga nan sai a zura auduga ta cikin naɗin, a datse gefe da gefe, a kwantar da bakinta a hanyoyin da ruwa ke bi. A nan ne sababbin shiga ke shan wahala.

Idan audugar ta yi yawa, sai ta toshe hanya, ruwa ya kasa isa ga wayar, mutum ya zuƙi ƙauri mai sa tari. Idan ta yi kaɗan, sai ruwan ya malalo ta ramin iska ya jiƙa aljihu. Ba a samun daidaiton sai an ɓata auduga sau da dama.

Batun ƙaurin ya wuce na ɗanɗano kawai. Binciken kimiyya ya nuna cewa idan waya ta yi zafi a kan busasshen lagwani, sinadarai masu cutarwa irin su fomaldihaid kan ƙaru a cikin tururin.

Wajen zaɓen tanki, abin da masu harkar suka fi dubawa shi ne faɗin ramin iskar da ke ƙarƙashin wayar. Rami mai milimita 0.8 zuwa 1 kan ba da zuƙa mai tauri irin ta karan sigari, kuma da zarar ya kai 1.5 zuƙar ta sassauta. Shi ya sa tankunan da ake iya sauya musu bututun iska suka fi farin jini. Bayan haka sai sauƙin ɗaure waya, da kuma ko ana iya buɗe gindin tankin ba tare da an zubar da ruwan da ke ciki ba.

Ruwan ma yana da nasa sharaɗi. Ƙananan hanyoyin wannan tanki ba sa jure ruwa mai kauri, saboda haka an fi amfani da wanda aka haɗa rabi da rabi tsakanin sinadaran PG da VG.

Girman tanki kuwa doka ta riga ta yanke. Ƙa'idar Tarayyar Turai ta 2014, wadda ta fara aiki a 2016, kuma Birtaniya ta ci gaba da bin ta bayan ficewarta daga ƙungiyar, ta taƙaita tanki a mililita 2, kwalbar ruwa mai nikotin a mililita 10, ƙarfin nikotin kuma kada ya wuce miligiram 20 a kowace mililita.

Kasuwa ta sami wata hanya

A takarda, da wuya a sami abin da ya fi wannan tanki biyan buƙatar gwamnati. Jikinsa ƙarfe ne da gilashi, yana iya shekaru ana amfani da shi, kuma abin da ake zubarwa bai wuce guntun waya da ɗan ƙullin auduga ba.

Sai dai kuma ba nan masu saye suka nufa ba.

Tun kafin haramcin ya fara aiki, manyan kamfanonin da suka mamaye kasuwar, irin su Elf Bar da Lost Mary, suka fito da sababbin samfurori masu kama da na da a launi da siffa da ɗanɗano, illa dai an ƙara musu ramin caji da ƙoƙon ruwa da ake cirewa. Farashinsu ma bai yi nisa da na waɗanda aka haramta ba.

Masu rajin kare muhalli sun yi gargaɗin cewa muddin sabuwar na'ura ba ta fi ƙoƙon sauyi tsada sosai ba, mutane da dama za su ci gaba da jefar da ita kamar yadda suka saba. Ke nan an bi lafazin doka, amma manufarta na nan da saura.

Ba abin mamaki ba ne. Wanda ya saba shiga kanti ya fito yana zuƙa, ba lalle ya yarda ya zauna da almakashi da filaya da na'urar auna turjiya ba.

Haraji na iya sauya lissafi

Abin da ka iya jawo hankali ga zuƙar baki shi ne kuɗi. A kasafin kuɗin watan Oktoban 2024, ministar kuɗi Rachel Reeves ta bayyana sabon haraji na fam 2.20 a kan kowace mililita 10 ta ruwan sigarin lantarki, aka kuma tsayar da 1 ga watan Oktoban 2026 a matsayin ranar fara karɓarsa.

Harajin yawan ruwa yake bi, ba ƙarfin nikotin ba, kuma wannan na da muhimmanci.

Alal misali, mai shan mililita 2 a rana zai biya harajin kusan fam 13 a wata. Mai babban tanki da ke ƙona mililita 10 a rana kuwa zai biya fam 66. Tun da ƙaramin tankin zuƙar baki ruwa kaɗan yake ci, nauyin harajin ya fi sauƙi a kan masu amfani da shi, ko na ɗaurin hannu ne ko mai kwayil na kamfani.

Wanda ke ɗaura nasa yana da ƙarin rangwame, domin ƙullin waya guda kan yi masa watanni, maimakon sayen kwayil duk bayan mako ɗaya ko biyu.

Haɗarin da ke ciki

Ɗaurin hannu na ɗauke wa kamfani wani alhaki ya ɗora shi a kan mai amfani. Idan wayar ta taɓa murfin tanki, ko ƙusa ta yi sako-sako, wuta na iya haɗuwa.

Na'urorin zamani masu ƙwaƙwalwar lantarki kan yanke wuta idan haka ta faru. Amma akwai waɗanda ba su da wannan kariya, bututun ƙarfe ne kawai da batir. A watan Mayun 2018 wani mutum ya rasa ransa a jihar Florida ta Amurka sakamakon fashewar sigarin lantarki, kuma rahotanni sun ce irin wannan bututu ne.

Ta wannan fuska ma zuƙar baki ta fi sauƙin haɗari. Cikakken batir mai bolt 4.2 a kan waya mai om 1.2 yana fitar da amfiya 3.5 ne kawai, alhali a kan waya mai om 0.15 zai fitar da amfiya 28, abin da ya fi ƙarfin batura da yawa.

Akwai kuma batun ƙarfen kansa. Wani bincike na jami'ar Johns Hopkins a shekarar 2018 ya gano ɓurɓushin dalma da nikel da kuromiyam a tururin wasu na'urori masu tanki, inda masanan suka danganta hakan da wayar da ke zafi.

A kan babbar tambayar kuwa, wato ko sigarin lantarki alheri ne ko sharri, kawunan hukumomi a rabe suke.

Hukumar kula da lafiyar al'umma ta Ingila ta ce a 2015 illarsa ta gaza ta taba da kusan kashi 95 cikin 100, adadin da wasu masana suka soki yadda aka samo shi. A 2023 gwamnati ta yi shelar raba na'urorin kyauta ga mashaya taba miliyan 1 a Ingila domin su daina.

Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta gamsu ba, inda take cewa yana da illa kuma yana jawo yara ga nikotin. Indiya ta haramta shi baki ɗaya a 2019, Ostareliya kuma ta taƙaita sayar da shi ga shagunan magani tun daga watan Yulin 2024.

Babban jami'in lafiya na Ingila, Farfesa Chris Whitty, ya tsaya tsakani ne: ya ce ga mai shan taba wannan ya fi sauƙin illa, wanda kuma ba ya sha kada ya fara, sannan ba za a lamunci tallata shi ga yara ba.

Tankin ɗaurin hannu bai shiga wannan muhawara ta yara sosai ba, kasancewar ba shi da launuka masu ɗaukar ido, ba a kuma cika samunsa a kantin kan kwana ba. Galibi sai a shagunan da suka keɓanta da wannan sana'a, waɗanda su ma sabon harajin ya shafi babban abin da suke sayarwa.