Injin Ɗaukar Hoton Cikin Jiki da Masanin da ke Bayansa

A 'yan shekarun nan gwamnatoci da dama a ƙasar nan sun ba da himma wajen sayo manyan injunan ɗaukar hoton cikin jikin ɗan Adam, ana kafa su a asibitoci tare da buki. Abin da ba a faye magana a kansa ba shi ne masanin ilmin fiziks wanda zai auna yawan hasken da injin ke harbawa cikin jikin majiyyaci. In hasken ya yi yawa ya cuci majiyyacin, in ya gaza hoton ya ɓatar da likita.

Tarihin injin CT kansa ya isa shaida. A 1956 aka roƙi Allan Cormack, malamin fiziks a Jami'ar Kef Tawun ta Afirka ta Kudu, ya riƙa taimaka wa asibitin Groote Schuur, domin masanin da ke wurin ya ajiye aiki. A can ya fara tunanin yadda za a gane abin da ke cikin jiki ta hanyar lissafin hasken da ya ratsa shi daga kusurwoyi dabam-dabam. Bayan ya koma Jami'ar Tufts a Amurka ya buga sakamakon bincikensa a 1963 da 1964. Kusan ba wanda ya kula. Wani abin mamaki, cikin 'yan kaɗan da suka nemi kwafin takardar har da masu binciken zaftarewar ƙanƙara a Suwizalan.

Sai a 1971 Godfrey Hounsfield na kamfanin EMI, wanda bai san da aikin Cormack ba, ya ƙera injin da aka gwada a kan majiyyaciya a asibitin Atkinson Morley na Landan. Su biyun aka ba kyautar Nobel ta fannin likitanci a 1979, alhali kuwa ba likita a cikinsu, ba kuma mai digirin digirgir.

To, jami'ar da ke auna malami da yawan takardun da ya buga kowace shekara, anya za ta yi haƙuri da irin Cormack? Muna shakka. Ɗalibin da ya zaɓi wannan fanni yana tsakanin gida biyu, watau sashen fiziks da asibitin koyarwa, kowanne yana ganin na ɗayan ne. Tun 2001 muke da Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya, amma doka ba ta auna inji. Lalle ya kamata duk kasafin da ya ƙunshi sayen inji ya ƙunshi kuɗin horar da masanin da matsayinsa a tsarin albashi.