Wa Zai Auna Wa Kawu Biraket?

Kawuna yana da Fijo 504 akori-kura, da ita yake ɗauko buhunan hatsi daga kasuwar Shuwarin zuwa cikin Dutse, kuma a kuɗin lodin nan ake biya mini kuɗin makaranta. Bara injinta ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi. Aka yi ringi sau biyu ba ta canza zani ba, sai makanikinsa a nan Yalwawa ya ce a sauke shi a ɗora na Toyota. Kawu ya sayar da ragunansa biyu, ya tafi Ƙofar Ruwa a Kano ya sayo inji Beljiyam. An yi masa sauƙi saboda injin tsirara yake: ba famfon ruwa, ba altaneta, ba biraket ɗin da ke riƙe su.

Aka nemo famfon da ramukan notinsa suka hau, mai walda ya yanko ƙarfe ya ƙera biraket da ido. Mota ta tashi, kowa ya ce ma sha Allah. Sati uku bayan nan, a hanyar Kiyawa, da rana tsaka cikin zafin Afrilu, fambel ya tsinke. Famfo ya tsaya, allurar zafi kuwa ba ta motsa ba, domin na'urar da ke jikin injin Toyota ba ta dace da agogon Fijo ba. Kafin Kawu ya farga, gasket ya ƙone, kan inji ya lanƙwashe.

Ranar da aka jawo motar, Kawu ya dube ni ya ce, "Kai da kake karatun injiniya, me ya jawo wannan?" Wallahi sunkuyar da kai na yi. Na haddace lissafin juyawar fuli don jarabawa, amma ban taɓa ɗora rula a kan fulin mota ba.

Daga baya na koma garejin da rular ƙarfe da baniya. Abin ashe ba wani sihiri ba ne. Fambel ɗaya ke zagaya fuli uku: na karanshaf, na famfon ruwa da na altaneta. Dole ukun su zauna a layi ɗaya. Famfon da aka sayo wuyansa ya ɗan fi na asali tsawo, biraket ɗin walda kuma ya ja altaneta baya. Bambancin bai wuce kaurin fensir ba, amma ya isa ya sa bel yana cin gefe kullum, yana kuma jan boris ɗin famfo a karkace. Ramin noti ya hau, shi kenan aka ce "ya yi daidai".

Akwai tarkon da ya fi wannan ɓoyuwa. Famfon da bel mai siffar V ke ja, yana juyawa ne ɓangaren da karanshaf ke juyawa. A injinan da bel ɗaya mai faɗi ke zagaye komai, sau da yawa bayan bel ɗin ne ke jan famfo, don haka juyawarsa a baibai take, kuma fukafukansa na ciki an tsara su don hakan. Ka musanya su, famfo zai yi ta juyawa amma ruwa ba zai zagaya yadda ya kamata ba. Sai mota ta yi ta zafi, a ɗora wa lagireto laifi, a cire tamostat a jefar, matsala tana nan. Ga kuma injin fetur na 504, wanda a kwance yake da karkatar digiri 45. An tsara ɗakin injin da bakunan tiyo don shi, inji mai tsayuwa sak ba zai faɗa wurin haka kawai ba.

Ba mu kaɗai ke fama da wannan ba. A Amurka, masu ɗora injin Chevrolet a tsofaffin motoci sun san famfo iri biyu ne, gajere da dogo, kuma daga 1969 yawancin ƙananan motocin kamfanin suka koma dogon. Bambancinsu ya haura inci ɗaya, kowanne da nasa fuli da biraket. Abin da suka fi mu shi ne an auna, an rubuta, mai saye yana dubawa kafin ya biya. Mu nan ilimin yana cikin kan oga. In ya tsufa ko ya rasu, ya tafi da abinsa.

Ra'ayina ke nan: wannan aikin namu ne, mu ɗaliban foli. Tun 1975 kamfanin PAN ya fara haɗa Fijo a Kaduna, kuma an ci gaba da haɗa 504 a ƙasar nan shekaru da dama bayan Turai ta daina. Gangar jikinsu ta fi injinsu tsawon rai, saboda haka canjin inji ba zai tsaya ba. Amma duk shekara me muke gani? A je shagon kwamfuta a sauko da furojet ɗin wani, a canza suna, a yi masa bango mai kyau, a ajiye a kanta ƙura ta ci.

Me zai hana rukuni ɗaya ya ɗauki canjin inji ɗaya tak? A auna tazarar kowane fuli daga jikin inji, a rubuta lambar famfon da ya dace da ɓangaren da yake juyawa, a zana biraket da ma'auni da kaurin ƙarfe, a ƙera shi a wokshof, a ɗora a mota a gwada. Sannan a buga a takarda ɗaya da Hausa, a liƙa a garejin. Masu zuwa SIWES ma su dawo da ma'auni a littafinsu, ba sa hannun oga kaɗai ba.

Na san za a ce, "Makanikan nan ai sun fi ku sani." Gaskiya ne, kuma ban ce mu je koya musu sana'a ba. Wanda ya ɗora Toyota a Fijo da sifana da injin walda kaɗai gwani ne, ni ba zan iya ba. Abin da ba shi da shi lokaci ne da kayan awo da zane, mu kuma su ne kawai muke da su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wasu kuma za su ce tsohuwar mota ba ta kai a yi mata furojet ba, zamanin mota mai lantarki ake ciki. To, wanda bai iya daidaita fuli uku ba, ina zai iya da waccan?

Ina kira ga ƙungiyar ɗalibai ta kai wannan magana gaban shugabannin sashenmu kafin a raba batutuwan furojet na bana. Ni dai na riga na zaɓi nawa. Motar Kawu ta koma hanya da biraket ɗin da muka auna tare da makanikinsa, kuma kwafin zanen yana liƙe a bangon garejin. Jiya na tarar wani yaron gareji yana kwafarsa a bayan kwalin filogi.